Manomin Hardawa Ba Ya Cin Iri, Mu Kuma Fa?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe, musamman ku masu riƙe da wani muƙami: kilas ref, sakatare, ma'aji, shugabannin ƙungiyoyin jiha da na gari, da 'yan sashen koyon mulki da gudanarwa.

Hutun da ya wuce ina gida Hardawa, a ƙaramar hukumar Misau, sai ga kira daga sakataren wata ƙungiyar ɗalibai da nake ciki. Ba zan faɗi sunanta ba. Da lambar wani ya kira ni, muryarsa na rawa. An zare masa waya a tasha. Na ce Allah ya mayar da alheri, ai waya ce, za a sayi wata. Ya ce, "Malam, ba ka gane ba. Komai na ƙungiya a ciki yake."

Ashe da gaske yake. Sunayen mambobi, waɗanda suka biya kuɗin wata da waɗanda ba su biya ba, hotunan rasit, jerin marayu da marasa ƙarfi da za a taimaka wa da kuɗin rajista, duk a wayar. Shi kaɗai ne admin na zaurenmu na WhatsApp. Shi kaɗai ya san kalmar sirrin imel ɗin ƙungiya, kuma lambar da za a tura saƙon sabuntawa ita ce ta layin da aka sace. Da muka juya wajen banki, sai muka tarar mutum na biyu mai sa hannu ya gama makaranta tun bara, yana can Kudu yana bautar ƙasa, ba a sauya sunansa ba. Kuɗi na kwance a asusu, ranar rufe rajista na matsowa, ba halin taɓawa. Wani ƙanenmu a aji ɗaya sai da mahaifiyarsa ta sayar da akuyarta kafin ya yi rajista, alhali sunansa na cikin waɗanda aka amince za a biya wa.

Wallahi ba wanda ya ci ko kwabo. Sakataren nan mutumin kirki ne, ya fi kowa hidima. Laifinmu ne duka, da muka bari ƙungiya ta koma aljihun mutum ɗaya.

Da daddare ina ba Baba labari a tsakar gida. Ya saurara, ya ce, "Wato ku 'yan boko har irinku kuke haɗawa ku dake?" Maganar ta tsaya min. Shi manomi, tun ranar da aka yi girbi yake ware zangarniyar da ta fi kyau ya ɓoye daban. Ko rumbu ya yi ƙasa a watan Agusta, ba a taɓa iri. Ba ya shuka abu ɗaya: ga gero, ga dawa, ga wake a tsakani, ga 'yar gyaɗa. In damina ta yanke da wuri gero ya riga ya nuna, in ruwa ya yi yawa a kwari na tudu ya tsira. Ga awaki a ɗaure saboda ranar da za a buƙaci kuɗi da gaggawa. Kuma yayanmu ya san iyakar kowace gona, ya san wanda ake bi bashi da wanda ke binmu, ko da Baba ya kwanta rashin lafiya aiki ba zai tsaya ba.

Wannan da Baba yake yi, shi ne abin da a littattafan gudanarwa ake kira tsarin ɗorewar aiki, wato shirin ko-ta-kwana da zai sa muhimmin aiki ya ci gaba ko an samu tangarɗa. Har ma'auni na duniya ake da shi, ISO 22301, wanda ya fito a 2012 aka sabunta shi a 2019, kuma bankuna da manyan kamfanoni na neman shaidarsa. Mu muna haddace shi saboda jarrabawa. Ra'ayina shi ne, wannan ce gwanintar gudanarwa da muka fi buƙata a Arewa, kuma wurin koyonta shi ne nan kan ƙananan muƙaman da muke riƙe a makaranta. Mai gudanarwa na ƙwarai ana gane shi ranar da ba ya nan.

Kada wani ya ce tangarɗa abu ne da ba kasafai ba. Mu ƙirga abin da idonmu ya gani.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, ga yajin aikin ASUU da ya kai har Disamba. A 2022 aka sake wani, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Farkon 2023 canjin takardun naira 200 da 500 da 1000 ya jefa mu cikin ƙarancin tsabar kuɗi, kana da kuɗi a banki amma ba na mota a hannu, mai POS ya zama sarki. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a nan yankin Katagum. Ranar 10 ga Satumba na shekarar ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri, har jami'a ta dakatar da karatu. A ƙarshen Oktoba kuma jihohin Arewa da dama, har da Bauchi, suka kwashe fiye da mako babu wutar lantarki bayan lalacewar manyan layuka.

Shekara biyar ke nan kacal. Duk wanda ke karatu a Gadau, ko Azare, ko Misau, ko cikin Bauchi, aƙalla biyu ko uku daga cikin waɗannan sun taɓa shi. To abin da ke zuwa kusan kowace shekara ai ya wuce a kira shi ba-zata. Baƙo ne da ya saba zuwa, sai dai ba ya faɗin rana.

To yaya ake shirin? Ba sai an ɗauko ƙwararre daga Abuja ba. Tambayoyi ne a zauna a amsa su a rubuce.

Na farko, wane aiki ne in ya tsaya wani zai cutu? Ba komai ne ke da nauyi ɗaya ba. Walimar yaye ɗalibai za ta iya jira. Biyan kuɗin rajistar maraya ba zai jira ba. Wajen kilas ref, sanar da sauyin ranar tes ya fi tara kuɗin riga. A ware uku ko huɗu da suka fi muhimmanci.

Na biyu, kwana nawa aikin zai iya tsayawa kafin ɓarna ta auku? A faɗi adadi. In an ce sanarwa dole ta isa ga kowa cikin awa 24, to sai a tambaya: in babu data, babu caji, ta wace hanya? Nan ne za a raba aji gida-gida, kowane mutum goma da mai kiransu, lambobin kuma a rubuce a takarda.

Na uku, aikin nan a kan me ya dogara? Mutum, waya, wuta, hanya, banki. Duk inda aka ga abu ɗaya tilo, nan ne ramin. Admin ɗaya, a mayar uku. Masu sa hannu a banki su zama uku, biyu su isa a cire kuɗi, kuma a sauya suna kafin mutum ya gama makaranta. Imel na ƙungiya ya kasance da layin ƙungiya, kalmar sirri a rubuta a rufe a ambulan a ba uban ƙungiya.

Na huɗu, bayanai. Akwai ƙa'ida mai sauƙi: kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Misali ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filasha ko littafi, ɗaya a intanet. Google Drive na ba da 15GB kyauta. 'Yan ajin ƙarshe, da ku nake. Furojet ɗinka babi huɗu yana kan laftof ɗaya, filashar kuma tana cikin jakar laftof ɗin. In an ɗauke jakar fa? Tura wa kanka ta imel duk daren da ka ƙara shafi. Takardun shaidarka, rasit na kowane zango, fom ɗin rajistar kwasa-kwasai, ka ɗauki hotonsu yau, ka kai fotokwafi gida.

Na biyar, kuma nan aka fi faɗuwa: gwaji da sabuntawa. Shirin da aka rubuta aka jefa a durowa daidai yake da janaretan da ba a taɓa tayarwa ba sai daren biki. Sau ɗaya a zango, a ce wa sakatare yau ka kashe wayarka, mataimaki ya fitar da sanarwa, ya kawo jerin waɗanda suka biya. In ya kasa, alhamdulillahi, an gano ramin da rana tsaka. Lambobi na canzawa, mutane na gamawa, saboda haka duk sabon zango a sake dubawa. Ranar miƙa mulki kuma kada ta ƙare a hoto da lemo. A miƙa littafi, a miƙa makullai, sabon ma'aji ya shiga asusu a gaban tsohon.

Na san abin da wasu za su ce. "Wannan aikin hukumar makaranta ne." Gaskiya ne hukuma na da nata kason, kuma haƙƙinmu ne mu tambaya cikin ladabi: in ofishin jarrabawa ya yi gobara, ina kwafin sakamakonmu? In shafin rajista ya tsaya a ranar ƙarshe, me aka tanada? Amma waɗanda za su zauna a kujerun nan shekara goma masu zuwa, a ma'aikatu da asibitoci da sakatariyar ƙananan hukumomi, ai mu ne. Wanda ya saba kulle fayil a wayarsa yana sakataren aji, shi ne gobe zai tafi hutu da makullin ofis, mutane su yi ta sintiri ana ce musu "mai fayil ɗin ba ya nan".

Wasu za su ce babu kuɗi. A duk abin da na lissafa, littafi ɗaya ne da ambulan da layin waya. Abin da ke da tsada shi ne sakin girman kai. Mu faɗa wa juna gaskiya, da yawanmu muna jin daɗin a ce "sai da shi". Muna ɓoye yadda ake aiki don kada a iya ba mu. Wannan ba ƙwarewa ba ce, rauni ne.

Akwai kuma mai cewa yawan tsara matsala kamar kiranta ne, a dai ce Allah ya kiyaye. Amin, Allah ya kiyaye. Amma tun a Islamiyya aka koya mana tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi, kuma mun san ƙissar Annabi Yusuf (AS) da tanadin shekara bakwai. Hausawa ma sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sai wanda ya adana ke da ita.

Ban ce shiri zai hana yajin aiki ko ya tare ambaliya ba. Ba zai hana ba. Abin da yake yi shi ne ya rage ɓarna, ya gaggauta dawowa. Kuma a kula, yawaita kwafi ba ya nufin watsa sirrin mutane. Jerin marayu da lambobin 'yan'uwanmu mata amana ne, mutum biyu ko uku da aka sani kaɗai za su riƙe.

Mu dai mun zauna bayan dawowa hutu, mun rubuta namu, shafi biyu ne kawai. Da muka gwada, mataimakin sakatare ya kasa buɗe imel, ashe harafi ɗaya aka rubuta ba daidai ba a cikin ambulan. Mun yi dariya, mun gyara. Kuɗin akuyar ma an mayar wa mahaifiyar yaron, sai dai lokacin farashi ya riga ya tashi.

Kafin ka kwanta yau, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ka ɗauka wayar da ke hannunka ta faɗa rijiya. Gobe da safe wa zai iya ci gaba da aikin da aka damƙa maka? In amsar ita ce babu, ka nemi mataimakinka tun kafin lacca ta farko, ku zauna da biro da takarda.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu riƙe amana.