Kafin Ku Sayi Akwatin Fenti

A watan jiya wani mahaifi ya tare ni bakin lakwal nan Tahifet ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, na sayo wa yaron nan akwatin fentin ruwa mai kala 24 daga Tamanrasset, kwana biyu ya jefar da shi." Da na duba, sai na ga a takardar kaye yaron yake shafawa, duk ta jiƙe ta kumbura ta yage. Laifin takarda ne, ba na yaro ba.

To, ga shawarata. In kuɗinku kaɗan ne, ku fara da takarda. Wadda ake yi domin fentin ruwa kauri gare ta, za ku ga an rubuta 300 g a bango. In ba ta samu ba, Canson mai 224 g za ta yi wa mai koyo, amma a manne gefunanta huɗu a kan allo kafin a sa ruwa. Buroshi biyu sun isa, lamba 6 da lamba 12. Ku jiƙa shi tun a kanti in mai kanti ya yarda. Wanda bakinsa bai haɗu ya yi tsini ba, ku bar masa abinsa.

Kala kuwa uku ne tushe: ja, shuɗi da ruwan ɗorawa. Shuɗi da ɗorawa su ba da kore, ukun a haɗe su ba da ruwan ƙasa irin na duwatsun Ahaggar. Yaron da aka ba 24 ba zai taɓa koyon haɗi ba. Fari kuma ba a sayensa, takardar ce farin, sai a bar wurin ba a taɓa ba. Shi ya sa ake farawa da kala mai haske, mai duhu ya zo daga baya.

Abin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da ke riƙe fentin ruwa a takarda ƙaro ne, shi ne wanda malamanmu ke sawa a tawada, su kuma yi zayyana da shi a allon sauka. Duwatsun nan ma an daɗe ana zana su: a 1928 wani Bafaranshe, Paul-Élie Dubois, ya zo Ahaggar, zanen da ya yi a nan ne ya fito da sunansa.

Matsalarmu ɗaya ita ce bushewar iska. Littattafan Turai suna cewa a jira shafin farko ya bushe. A nan kafin ka mayar da buroshi cikin ruwa ya riga ya bushe, ya bar zane a tsakiyar sama. Don haka ni da yarana da sassafe muke yi, a inuwa, mu dama kala mai yawa tun kafin mu fara, mu jiƙa takardar da soso. Gwangwani biyu na ruwa, ɗaya na wanki, ɗaya mai tsabta.

Yaron nan na ba shi takarda uku daga nawa. Ranar Alhamis ya kawo mini dabinon bakin kwari, ganyen ya yi duhu da yawa, amma takardar ba ta yage ba.