Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban INEC Kan Zaɓen Raba Gardama

Zuwa ga Shugaban Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, Abuja.



Na rubuto ne a kan zaɓen da hukumarka ke sake yi a wasu rumfuna bayan an ce zaɓe bai kammala ba, wanda jama'a ke kira zaɓen raba gardama. A wannan rana ce ƙuri'ar talaka ta fi nauyi, kuma a ranar ce aka fi barin sa cikin duhu ba tare da kariya ba. Alƙaluman hukumarka sun isa hujja. A Osun a 2018 Ademola Adeleke na kan gaba da ƙuri'a 353, aka koma rumfuna 7, Gboyega Oyetola ya ci da ratar 482. A Sakkwato a 2019 ƙuri'a 342 ne suka raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu. A Kano ma, a 2019 ɗin, Abba Kabir Yusuf ya fito daga zaɓen 9 ga Maris da ratar 26,655, aka koma ranar 23 ga wata, aka tashi da ratar 8,982 a hannun Abdullahi Umar Ganduje. Kotuna sun riga sun yi hukunci a kan waɗannan zaɓuɓɓuka, ban kuma zo tayar da su ba. Abin lura shi ne, jihar da miliyoyin mutane suka sha rana a layi, ƙarshe sai makomarta ta dawo hannun mazauna 'yan unguwanni da ƙauyuka ƙalilan, kuma su ne ba wanda ya zauna ya yi wa bayanin abin da ke gabansu.

Ƙa'idar kanta ba ta da wuyar fahimta. Idan an soke zaɓe a wata rumfa saboda aringizon ƙuri'u, wato ƙuri'un da ke cikin akwati sun fi yawan waɗanda aka tantance, ko an fasa akwati, ko kayan zaɓe ba su isa ba, sai a duba ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu. In ratar ba ta haura yawan masu zaɓen rumfunan da abin ya shafa ba, ba a ayyana kowa sai an koma can. A da ana lissafi da duk waɗanda suka yi rajista, har da mamata da waɗanda suka ƙaura. Ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2022 sun mayar da lissafin kan waɗanda suka karɓi katin zaɓensu, kuma wannan gyara ne da ya cancanci yabo. Sai dai mutane da yawa na haɗa wannan da zagaye na biyu da sashe na 179 na Kundin Tsarin Mulki ya tanada, inda ake komawa jiha gaba ɗaya tsakanin 'yan takara biyu idan babu wanda ya haɗa rinjaye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. A zaɓen raba gardama kuwa, wanda sunansa ke cikin rajistar rumfar da aka soke ne kaɗai ke da ikon dangwala. Rashin sanin wannan kaɗai yana fito da waɗanda ba su da hurumi, yana kuma zaunar da masu hurumin a gida.

Na san akwai masu cewa a soke tsarin baki ɗaya, wanda ya fi yawan ƙuri'a a ranar farko a ba shi, kowa ya huta. Na fahimci ɓacin ransu, domin a 2019 sai da aka ce zaɓen gwamna bai kammala ba a jihohi shida, Kano, Sakkwato, Bauchi, Adamawa, Binuwai da Filato, har kalmar ta zama abin zargi a bakin jama'a. Amma ban yarda da su ba. Ranar da aka daina komawa rumfunan da aka soke, ranar ce za a koya wa ɗan siyasa hanya mafi sauƙi ta cin zaɓe: ya tura 'yan daba unguwar da abokin hamayyarsa ya fi ƙarfi, su fasa akwatuna, shi ke nan. Matar da ta bar sana'arta ta yi layi tun da sassafe, aka watsa ƙuri'arta a kwata, ba ta yi laifin komai ba. Sake zaɓen haƙƙinta ne, hukuma ce ta ci bashinta, biyan bashin kuma wajibi ne. Matsalar tana wajen yadda ake biya.

A ranar babban zaɓe, ƙarfin jam'iyyu a warwatse yake cikin rumfuna 176,846 na faɗin ƙasa. A ranar raba gardama kuwa, duk wannan ƙarfi, kuɗi da motoci da manyan mutane da 'yan bangar siyasa, yana taruwa ne a kan 'yan rumfuna da kowa ya san adadin masu zaɓensu, wani lokaci har gida-gida. Farashin ƙuri'a ya tashi, tsoratarwa ma ta tashi. Mazaɓar Gama da ke ƙaramar hukumar Nasarawa a Kano ta zama abin misali a 2019, kuma masu sa ido na Tarayyar Turai sun ba da rahoton ganin gungun mutane da makamai suna razana masu zaɓe a sassan jihar a ranar sake zaɓen. A yi tunanin dattijon da ya fito da katinsa a aljihun riga, ya doshi makarantar firamaren da ya saba jefa ƙuri'a, ya tarar da baƙin fuskoki sun cika bakin ƙofa, wani ya tare shi yana tambayar wa zai zaɓa. Idan bai san cewa ba mai ikon yi masa wannan tambaya ba, kuma bai ga jami'in da zai kai wa ƙara ba, juyawa zai yi. Juyawarsa kuwa ita ce biyan buƙatar wanda ya turo su.

Haƙƙoƙin nan a rubuce suke, ba roƙo ba ne. Mai zaɓe na da ikon a tantance shi da na'urar BVAS ta yatsa, in ta ƙi a gwada fuska. Yana da ikon dangwala a asirce. Duk wanda ke kan layi kafin ƙarfe biyu da rabi sai ya jefa ƙuri'arsa, ko da dare zai yi. Tsofaffi da masu juna biyu da masu shayarwa da masu buƙata ta musamman ana sa su gaba, makaho kuma shi zai zaɓi wanda zai raka shi, ba wakilin jam'iyya zai zaɓar masa ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta umarci a raba layin maza da na mata inda al'ada ba ta yarda da cakuɗuwa ba, ta kuma hana neman ƙuri'a a cikin mita 300 daga rumfa. Wanda ya ɓata takardarsa bisa kuskure kafin ya jefa, yana iya mayar wa malamin zaɓe a ba shi wata. A gaban jama'a ake ƙirga ƙuri'u, a faɗi sakamako da babbar murya, a liƙa shi a bango, a ɗora hoton takardar sakamako ta EC8A a shafin intanet na hukumar, IReV. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa jin waɗannan da harshen da suke ji? Kafin babban zaɓe akan ji sanarwa a rediyo. Tsakanin soke zaɓe da sake shi kuwa, makonni biyu a 2019, kusan wata guda a 2023, gidajen rediyo sukan cika da muryoyin 'yan siyasa da sojojin baka, muryar hukuma ta yi ƙasa.

Za a ce wayar da kai aikin jam'iyyu ne da Hukumar Wayar da Kan Jama'a, tsaro kuma na 'yan sanda. Jam'iyya tana koya wa mutum inda zai dangwala mata ne, ba ta da wata riba a koya masa cewa yana iya ƙin nuna wa wakilinta takardarsa. Doka kuma ta ambaci ilimantar da masu zaɓe cikin ayyukan INEC ƙarara. Batun tsaro gaskiya ne hukumarka ba ta da bindiga, amma kai ne ke jagorantar kwamitin haɗin gwiwar hukumomin tsaro kan zaɓe tare da Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kana kuma da ikon ɗage zaɓe inda aka ga alamun tarzoma. Ba kullum ne ma barazanar ke zuwa daga waje ba. A Adamawa, washegarin zaɓen 15 ga Afrilun 2023, Kwamishinan Zaɓe na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya ayyana Aishatu Binani a matsayin wadda ta ci zaɓen gwamna ana tsaka da tattara sakamako, alhali baturen zaɓe kaɗai doka ta ba wannan iko. Hukumar ta yi daidai da ta soke sanarwar nan take, har aka ayyana Ahmadu Fintiri ranar 18 ga wata. Wannan hanzarin nake so a riƙa yi domin mai zaɓe, kamar yadda aka yi domin martabar hukuma.

Akwai kuma wanda ya jawo soke zaɓen tun farko. Muddin wanda ya fasa akwati zai kwana a gidansa, ya dawo bayan mako biyu ya tsaya a bakin rumfar da ya fasa, to sake zaɓen lada ne a gare shi. Tun 2008 kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar kafa hukumar hukunta masu laifin zaɓe, kuma hukumarka ta sha kokawa cewa aikin gurfanarwa ya yi mata yawa. Ko da hakan ne, rumfunan da aka soke ba su da yawan da zai hana a fara da su.

Saboda haka ina roƙo, ranka ya daɗe, duk lokacin da aka ce zaɓe bai kammala ba, ko na gwamna ne ko na ɗan majalisar jiha, hukumar ta fitar da sunayen rumfunan da abin ya shafa, da dalilin soke kowacce, da yawan katunan da aka karɓa a cikinta. A liƙa rajistar masu zaɓe a jikin rumfar kwanaki kafin ranar, domin mai unguwa da jama'arsa su san nasu su san baƙo. A sayi lokaci a gidajen rediyon jihar a karanta haƙƙoƙin mai zaɓe da Hausa da Fulfulde da Kanuri da sauran harsunan yankin, da safe da dare, tare da lambar da za a kira a kuma amsa. Inda aka hana mutane isa ga akwati, malamin zaɓe ya rubuta hakan a rahotonsa, hukumar kuma ta ƙi karɓar sakamakon da ya fito daga wannan rumfa.

Wassalam.