Kada Mu Binne Tsakar Gidanmu da Siminti



Tun da sojoji suka karɓe Hartum a watan Maris na 2025, mutane ke ta komowa suna gyaran gidajen da yaƙi ya ɗaiɗaita, kuma wannan abin godiya ne ga Allah. Sai dai wata ɗabi'a ta biyo masu komowar, musamman waɗanda suka zauna Masar da Saudiyya. Mutum zai nufi Suk al-Shabi ya lodo siminti da tayil da bulon intalok, ya sare darbejiyar da mahaifinsa ya dasa, ya malale hoshi daga bango zuwa bango, sa'an nan ya kafa rumfar kwano ya ce ya waye. Ni dai ban ga wayewa a nan ba, asara na gani wadda aka saya da tsada.

Mu fara da zafi. A watan Mayu ma'aunin zafi a garin nan yakan haura 40. Ƙasa in an yayyafa mata ruwa da la'asar takan huce, ta ba da sanyi da ƙamshi, a fito da angaribai a kwana a waje. Siminti kuwa yini yake yana shan rana, dare ya yi ya amayar da ita a kan mai barci. Mai gida zai ce ai ga na'urar sanyaya ɗaki. To, da wace wutar? Wanda ya zauna a Umbadda ko Sawra bayan 15 ga Afrilu 2023 ya san watannin da aka yi babu lantarki, babu ruwan famfo. Abin da ya rufa wa mutane asiri a lokacin shi ne inuwar itace da randa a gindinta.

Sai batun ruwa, wanda ya fi nauyi domin haƙƙin wani ne. A daren 4 ga Agusta 1988 an yi ruwan sama kusan milimita 210 a Hartum, fiye da abin da akan samu a shekara guda, gidajen laka suka zube ba adadi. A 2020 kuma Shuɗin Nilu ya haura mita 17 da rabi, ya wuce na 1946 da na 1988. Unguwanninmu irin su Mayo ba su da magudanan kirki, kowa ya sani. Hoshin ƙasa yakan shanye rabonsa na ruwa. Hoshin siminti ba ya shan ko ɗigo, sai ya tura shi ta ƙarƙashin ƙofa zuwa lungu, ya taru a gindin katangar maƙwabcin da bai da kuɗin ɗaga daɓensa. Mai hali ya kwana a bushe, talaka ya kwana yana kwalfe ɗaki, bayan kwana kaɗan sauro ya raba musu zazzaɓi daidai wa daida. Wane malami ne zai halatta wannan? Ko ɗan makarantar da ya sauke Ahalari ma ya san ba a taimama da jibsin da aka gasa, ga shi muna gina gidajen da in ruwa ya yanke sai an fita titi neman ƙasa mai tsarki.

Na san hujjar iyayenmu mata, kuma ba ta banza ba ce: ƙura, taɓon damina, shara safe da yamma, da kunama. Su ke riƙe da tsintsiya, dole a saurare su. Amma maganin wannan bai kai ga kashe hoshi duka ba. A shimfiɗa hanya daga ƙofa zuwa ɗakuna da madafa da makewayi, da jan bulo irin wanda ake gasawa a Jiref, a jera shi bisa yashi ba tare da siminti ba don ruwa ya ratsa. Sauran filin a bar shi, a zuba yashi, a bar wa itace faɗin gindinsa. Kuɗin bai kai na tayil ba, kuma in bututu ya fashe a ƙasa, ɗaga bulon za a yi a mayar, ba fasa daɓe ba.

Dattawan unguwa da limamai su sa baki tun kafin damina. Duk wanda zai ɗaga daɓen gidansa, a tambaye shi a gaban maƙwabtansa inda ruwansa zai bi.