Sharar Gida: Ba Yawanta Ne Matsalarmu Ba

Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya nuna cewa duniya na tara shara tan biliyan 2.01 a shekara, kuma ana hasashen za ta kai tan biliyan 3.4 nan da 2050. Mutum ɗaya a Arewacin Amurka yana zubar da kilo 2.21 a rana, yayin da na Afirka kudu da Sahara bai wuce kilo 0.46 ba. Ƙasashe masu arziki, waɗanda ke da kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, su ke samar da kashi 34 na sharar.

Wanda ya tsaya a nan zai ce mun tsira. Sai dai rahoton ya ce sharar yankinmu ce ta fi saurin ƙaruwa, za ta ninka fiye da sau uku kafin 2050. A ƙasashe masu arziki ana kwashe kusan dukkanta. Nan kashi 44 kawai ake kwashewa, sauran kuwa a kwata, a kango ko a wuta.

A Alelu da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama, juji dukiya ne tun kaka da kakanni. Toka, dusa, ɓawo da kashin dabbobi, duk a tara su, da rani a ɗora wa jaki mangala a kai gona. Manoman albasa sun san darajar wannan taki. Yau leda da ledar fiya wata sun cika jujin. Ba sa ruɓewa, suna toshe magudanan ruwa da damina, sauro ya samu wurin hayayyafa, awaki da shanu su haɗiye su har mahauta su tarar da su a tumbi.

Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Ba ƙasashen Turai ba ne, 'yan uwanmu ne da suka yi doka suka kuma tsaya a kanta.

Kundin tsarin mulkin Najeriya ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Don haka muna kira ga shugabannin waɗannan ƙananan hukumomi uku da su ware wuraren zubar da shara a kasuwanni da unguwanni, su farfaɗo da aikin duba-gari, su haɗa kai da 'yan gwangwan masu sayen robobi. Ya kamata jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero ta auna sharar yankin, domin a yi tsari bisa sani.

Magidanta da matan gida kuma, ku ware leda daban, ku bar wa gona takinta.