Alƙalan Wasa Ko Makafi?

Jama'a, ni fa har yau ban huce da abin da aka yi wa Saints a ƙwallon Amurka ba. Janairun 2019, har gidansu New Orleans, ɗan bayan Rams, Nickell Robey-Coleman, ya bangaje Tommylee Lewis tun ƙwallo ba ta iso shi ba. Alƙalai bakwai ne a fili, amma ba wanda ya jefa rawayar tuta. Haba! Rams suka ci 26-23, suka wuce Super Bowl.

Da surutu ya yi yawa, sai NFL ta yarda a riƙa duba irin wannan laifi a bidiyo. Masu dubawar suka dinga ƙin juya hukunci, a 2020 aka soke dokar. To wa aka raina wa hankali?