Kada A Ja Layin Ruwa A Bayan Idonmu

Jama'a, duk wanda ya zauna Agege ya san wannan abin mamaki. Matatar ruwa ta Iju, wadda aka buɗe tun 1915, tana nan kusa da mu, ta Adiyan ma ba nisa, amma gidajenmu da yawa da ruwan jarka suke kwana. Mun saba cewa ruwan ne bai isa ba, kuma gaskiya ne. Ƙarfin Iju galan miliyan 45 ne a rana, na Adiyan miliyan 70, alhali bukatar Ikko ta wuce haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa tun zamanin Gwamna Fashola aka soma Adiyan ta biyu, ita ma mai miliyan 70, aikin da ya ci fiye da shekara goma.

To amma ƙarin ruwa a matata daban, ruwa a famfon gida daban. Tsakaninsu akwai wani aiki da ba a cika faɗa a rediyo ba, shi ne raba gari shiyya-shiyya bisa ƙarfin ruwa.

Ga yadda abin yake. Ruwa ba ya hawa tudu sai an tura shi. Duk hawan mita goma yana cinye kusan awo ɗaya na ƙarfinsa, wanda injiniyoyi ke kira "ba". Tsohon bututu siriri mai tsatsa shi ma yana cin nasa rabon. In aka ƙara ƙarfi don na kan tudu ya samu, bututun na gangare ya fashe. In aka rage, na ƙarshen layi ya buɗe famfo ya ji iska. Saboda haka ake yanka gari, kowace shiyya da mashigarta guda, da babbar mita, da bawul mai rage ƙarfi ko injin ƙara shi, a kuma kulle iyakokinta. Layin da injiniya ya ja a kan taswira shi zai nuna ko unguwarka tana bakin ruwa ko tana wutsiya.

Aikin yana cin kuɗi, ba ma musun haka. Sai an auna tudu da kwari, an nemo tsofaffin bututun da aka binne tun kakanninmu, an fasa kwalta an kuma mayar da ita. Manyan bawul da injina yawanci daga waje ake kawo su, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsu ya yi sama. Ga wuta, ga dizal. Tsoronmu shi ne, in kuɗi suka gaza, babban bututun bakin titi ake gamawa, ƙananan da ke shiga lungu a kira su "sauran aiki". Mu kuwa a lungu muke.

Wannan ba maganar wanka da wanki kaɗai ba ce. Bututun da ba ƙarfi a cikinsa, in yana da huda kuma ya ratsa kwata, ruwan kwatar yake zuƙa. Ba mu manta da kwalarar 2024 a Ikko ba.

Dole mu faɗi namu laifin. Gida mai ɗaki ashirin, amma ba sunan kowa a littafin hukumar ruwa. Wani ya huda bututu da dare, wani ya ɗaura inji kai tsaye yana janye rabon maƙwabcinsa. Injiniya da abin da ke rubuce yake lissafi; in takarda ta ce mutum ɗari ne a layin, bututun mutum ɗari zai sa. Mun san ’yan uwanmu ’yan garuwa da wannan sana'a suke ci da iyali, ba kuma da su muke ba.

Kada wani ya ce mana baƙi ne. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya so, na 42 ya hana a nuna masa bambanci don ƙabilarsa ko garin asalinsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2010 ta amince ruwa mai tsabta haƙƙin ɗan Adam ne.

Don haka muna kira ga shugabannin unguwa su je wurin kansila da ofishin ruwa, a rubuce, da tambaya uku: wace shiyya aka sa mu, wane aiki ya rage a cikinta, nawa aka ware masa. Magidanta kuma kowa ya kawo wa sakatare adadin mutanen gidansa da duk wani rasit na ruwa da yake da shi, komai tsufansa. Wanda bai iya rubutu ba ya zo bayan sallar La'asar, ’yan ajin yaƙi da jahilci za su rubuta masa.