Sayen Tukunyar Shisha Ta Farisa: A Dubi Aiki Kafin A Dubi Ado

Daga cikin kayayyakin da matafiya kan ɗauko tsaraba daga ƙasar Iran, ko daga kantunan Dubai da Istambul inda ake baje kolin kayan ƙasar, akwai guda ɗaya da ake yawan cutar baƙo a kansa, watau tukunyar shan taba ta ruwa wadda jama'a suka sani da sunan shisha. Mutum zai ƙirga kuɗi masu kauri ya biya, an shaida masa cewa aikin hannu ne na Isfahan, sai ya isa gida sannan ya tarar fenti yana ɓarewa, itace ya tsage, ƙarfe ya fara tsatsa. A lokacin nan kuwa babu inda zai kai ƙara, domin tsakaninsa da mai kanti akwai teku da hamada.

Abin da ya kamata kowane mai saye ya riƙe a ransa shi ne, sunan Farisa ba shaida ba ne, haka kuma daɗin bakin mai sayarwa. Shaidar aikin hannu tana jikin kayan, kuma duk wanda ya yi haƙurin mintoci kaɗan yana iya gano ta da idonsa da yatsunsa.

Mutanen Iran suna kiran wannan tukunya kalyan. Ita kalmar shisha ma daga harshensu ta fito, inda take nufin gilashi. Taba ta shiga ƙasar a zamanin Sarki Shah Abbas, wanda ya mai da Isfahan babban birni a 1598, ya rasu a 1629. Shi kansa bai son ta, har ya hana shan ta, amma hanin bai yi ƙarko ba. Kafin a daɗe kalyan ta shiga fada da gidajen shayi da ɗakunan matan aure, maƙera da masassaƙa da maginan tukwane kuma suka sami sabon fagen gwada gwaninta.

Wanda yake so ya san matsayinta a ƙasar sai ya tuna abin da ya faru a 1890, sa'ad da Sarki Nasiruddin Shah ya miƙa wa wani Baturen Ingila, Manjo Talbot, ikon cinikin tabar ƙasar baki ɗaya na tsawon shekara 50. A watan Disamba na 1891 aka bazu da fatawa da sunan babban malami Mirza Hasan Shirazi, wadda ta haramta shan taba muddin yarjejeniyar tana nan. Jama'a suka ajiye kalyan a ko'ina, har matan gidan sarki. A farkon 1892 ala tilas sarki ya soke yarjejeniyar. Abin da ya taɓa tanƙwara sarki haka, babu mamaki ya zama abin da kowa yake so ya mallaka, babu mamaki kuma masu jabu su yi masa caa.

Ko a wancan zamani ma, ba duk abin da aka gani a Iran ba ne aka yi a Iran. Kwalaben kalyan masu launin ja ko shuɗi da zanen ruwan zinariya, waɗanda ake manna wa hoton Nasiruddin Shah da gashin bakinsa, da yawansu a masana'antun gilashi na Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yanzu, aka yi su musamman domin kasuwar Farisa. Har yau ana ci gaba da kwaikwayonsu. Saboda haka hoton sarki a jikin kwalba ba ya nuna tsufa, ba ya kuma nuna inda aka yi ta.

To, daga ina za a fara dubawa? Kalyan ta gargajiya tana da gaɓoɓi sanannu. Akwai kuze, watau tulun ruwa na ƙasa, wanda ake yi da gilashi ko yumɓu ko ƙarfe. Akwai miyane, gangar jikin itace da ke zaune a bakin tulun. Akwai milab, bututun da ke sauka daga gangar jiki ya nutse cikin ruwa. Akwai kai, inda ake zuba taba da garwashi. Sannan akwai abin zuƙa, ko dai miƙaƙƙiyar sanda mai rami ko kuwa mesa mai lanƙwasa. Mai kantin da ya ƙi yarda a rarraba waɗannan gaɓoɓi a gaban mai saye, ya riga ya faɗi rabin gaskiya game da kayansa. Ba a cinikin biri a sama.

Gwajin farko shi ne na iska. A haɗa tukunyar, a toshe bakin kai da tafin hannu, sannan a zuƙa. Idan iska ta ci gaba da shigowa, to akwai tsaga a itace ko kuwa mahaɗar ba ta zauna daidai ba, kuma duk adon duniya ba zai gyara wannan ba. Daga nan a ajiye ta a kan tebur a ja da baya a dube ta. Tukunyar kirki takan tsaya cak, ba ta karkata, ba ta rawa idan an ɗan taɓa ta, domin abin da zai ɗauki garwashi a kansa bai kamata ya zama mai saurin faɗuwa ba.

Sai gangar jiki. Ana sassaƙa ta a kan keken juya itace, sana'ar da garin Dizful na kudu maso yammacin Iran ya yi suna a kanta. Itace mai kyau yakan yi nauyi a hannu, kuma an busar da shi sosai kafin a taɓa shi. A leƙa cikin ramin, a ga ko ya miƙe sumul ko kuwa da ɓurɓushi. A dubi ƙarshensa na ƙasa, inda ba a shafa fenti, domin a nan ake ganin ainihin launin itacen da ƙananan tsagogi. Fenti mai kauri da sheƙi sau da yawa mayafi ne da aka lulluɓe ɗanyen itace da shi, ɗanyen itace kuwa da zarar ya sha iskar hunturu sai ya dare.

Game da tulun ruwa, gilashin da aka hura da baki yakan bar tabo a gindinsa, inda aka cire shi daga sandar mai aiki, akan kuma ga 'yan kumfa a cikinsa, kaurinsa ma bai zama ɗaya ko'ina ba. Wanda inji ya zuba a mazubi kuwa yana da siririn layi daga sama zuwa ƙasa, inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu. Idan na yumɓu ne, irin wanda ake ginawa a Lalejin da Meybod, a ƙwanƙwasa shi da yatsa. Wanda ya gasu sosai yakan yi ƙara tar, mai ɓoyayyen tsaga kuwa sai ya amsa da murya dusasshe. Idan na ƙarfe ne, ƙaramin mayen ƙarfe ya isa alƙali, domin ba ya kama jan ƙarfe ko tagulla ko azurfa. In ya manne, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka.

Wurin ado ne aka fi tafka maguɗi, a nan kuma ya kamata a fi daɗewa. Mai sayen babbar riga da ya san abin da yake yi yakan juya ta ciki ya dubi bayan aiki kafin ya yi tayi, domin a nan ake bambance allura da keke. Haka abin yake ga aikin ƙarfe na Isfahan da ake kira kalamzani, inda maƙeri yake cika bayan ƙarfen da kwalta, ya riƙa buga zane da ƙananan kurfi da guduma. Idan aka leƙa bayan wurin, za a ga sawun bugun ya fito. Furanni biyu na zanen ba za su taɓa zama daidai wa daida ba. Wanda aka zuba a mazubi kuwa bayansa sumul yake, gefen zanensa ya dakushe, kowane fure kamar an tsaga kara da ɗan'uwansa.

Akwai kuma minakari, watau garin gilashi mai launi da ake shafawa a kan jan ƙarfe a gasa shi a wuta mai tsananin zafi har ya narke ya kama. Na gaskiya yana da sanyi da santsi kamar tangaran, farce ba ya kankare shi, ba ya warin fenti. Akwai hatamkari, aikin da Shiraz da Isfahan suka shahara da shi, inda ake jera siraran sandunan itace da tagulla da ƙashin raƙumi a manne su, a yanka su falle-falle a shimfiɗa. Idan aka kusantar da ido za a ga mahaɗar kowane ɗan ƙanƙanin yanki mai kusurwa uku, tagullar kuma tana walƙiya idan an juya ta a haske. Na jabu takarda ce bugaggiya aka liƙa aka shafe da man sheƙi. Haka nan duwatsun firuza, waɗanda mafi shahararsu daga Nishabur ake haƙo su, launinsu yakan bambanta daga wannan zuwa wancan. In duk suka zama launi ɗaya tas, akwai alamar rini ko roba. Idan aka ce azurfa ce, a nemi hatimi. Maƙeran Iran sun saba buga lamba 84 ko 90 a jikinta, amma tun da hatimi ma ana ƙirƙirarsa, sai a haɗa shi da sauran alamu.

Wani abu da baƙo kan manta shi ne, kalyan ta gargajiya an tsara ta ne domin busasshiyar tabar ganye da ake kira tambaku, irin ta Hansar, wadda ake jiƙawa a matse, a ɗora garwashi a kanta kai tsaye. Kanta da tsarinta sun bambanta da na tukwanen zamani da ake zuba wa taba mai zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace. Wanda aka nuna wa doguwar tukunyar ƙarfe mai kusoshi da roba aka ce masa tsohon salon Farisa ne, ya san an raina masa wayo.

Sai batun tsufa. Babu jimlar da ta fi sauƙi a bakin mai kanti kamar cewa kayan na zamanin sarakunan Kajar ne, waɗanda mulkinsu ya ƙare a 1925. A nan mai saye yana tsakanin ramuka biyu. In ƙarya ce, ya biya kuɗin tsoho ya karɓi sabo da aka turara da hayaƙi. In gaskiya ce kuwa, Iran tana da dokar kare kayan tarihi tun 1930, kuma fitar da irinsu ba tare da izini ba yana iya jawo a ƙwace su a filin jirgi, a kuma tsare mai su. Hanya mafi aminci ita ce a sayi sabon aiki mai kyau a wurin wanda ya yi shi, a karɓi rasit mai bayanin abin da aka saya. A kasuwar da ke kewaye da dandalin Nakshe Jahan na Isfahan, birnin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin biranen sana'ar hannu a 2015, ana iya tsayawa a ga maƙeri yana aiki, a ji ƙarar gudumarsa. Gani ya kori ji.

Wannan magana ta wuce ta aljihun mai saye kaɗai. Duk lokacin da aka sayi jabu da kuɗin nagari, ko aka matsa wa mai aikin hannu ya sayar da wahalar makonni a farashin kayan inji, ana ƙara tura 'ya'yan masu sana'a su bar gadon iyayensu. Araha ba ta ado, kuma sayen nagari mai da kuɗi gida ne.

Akwai gaskiya ɗaya kuma da babu mai kantin da zai faɗa. Kyawun tukunya ba ya tsarkake hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa ruwan da ke cikin tulu ba ya tace gubar taba, kuma mai zama ɗaya a kan shisha yana iya zuƙar hayaƙi mai yawan na sigari 100 ko fiye. Ga gubar gawayi a kan wannan, ga cututtukan da ake ɗauka ta hanyar karɓa-karɓar bakin mesa. Tukunyar da aka yi wa walda da darma, ko jan ƙarfen da ba a shafe cikinsa da kuza ba har ya yi kore, sun ƙara wani haɗari a kan na farko.

Saboda haka wanda ya yi niyyar saye, ya saya da ido buɗe: ya rarraba, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya tambaya, kada kuma ya ji kunyar juya baya ya fita in bai gamsu ba. In ya dace da aikin ƙwarai, ya biya mai shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba. In ya kai ta gida kuwa, mafi alherin wurin da zai ajiye ta shi ne kan kanta a ɗakin baƙi, inda za a yaba hannun da ya yi ta ba tare da an kunna mata wuta ba. Allah ya kiyaye matafiya daga sharrin 'yan damfara, ya mai da kowa gida lafiya.